Etymonline: na gwada shi da kalmar "yo" saboda gardamar majalisa, ga yadda muka kwashe

Abin da ya kai ni shafin nan na binciken asalin kalmomin turanci ɗan yayata ne wlh. Yaron yana aji biyar a sakandare, ran nan wajen goma na dare ina shirin kwanciya sai ga saƙo ya shigo min a WhatsApp, na buɗe, an rubuta "yo kawu" shikenan, ba sallama ba ina wuni ba ya gida, daga baya kuma na gane data yake so in tura masa. Na yi shiru ina kallon skirin ɗin wajen minti ɗaya, don ni a saninan da na yi wa yo, in mutum ya fara magana da ita to akwai ragowar zance a baya kuma yawanci ba mai daɗi ba ne, irin ta Hajiyarmu in ta ce "yo ni me zan ce muku, ai kun girma". Na zauna ina jiran ragowar masifar, ashe wai gaisuwa ce yaron ya yi min.

Washegari na ba da labarin a majalisarmu ana dariya, sai wani abokinmu da baya barin magana ta wuce shi ya gyara zama ya ce ai Turawa a wajenmu suka sace kalmar, wai bayin da aka kwasa aka kai Amurka su suka tafi da ita, shi ya sa baƙaƙen fatar can suka fi kowa faɗinta. Ya faɗi abin nan da ƙarfin hali kamar yana wajen aka loda su a jirgi. Wani kuma ya ce ƙarya ne daga Sifaniyanci take. Aka yi ta ja har aka kira isha'i ba a rabu ba, ni kuma irin mutanen nan ne da in abu ya tsaya min a rai bana iya barci, sai na ce bari in bincika da kaina.

Na fara da wata manhajar dikshinari da na taɓa biyan kuɗi na sauke a waya, ba zan kira sunanta ba, na rubuta yo ta ba ni layi ɗaya tak wai kalmar gaisuwa ce da jan hankali, to wannan ai ko ɗan yayan nawa ya gaya min kyauta. Ba shekara, ba inda ta fito, ba komai, kuɗina dai sun tafi. Wata malamar turanci da muke aiki tare ita ta ce min Malam ka daina wahalar da kanka, ma'ana daban asali daban, in asali kake nema je ka etymonline, ta karɓi wayata ta rubuta min da hannunta.

Ga wanda bai san shi ba, cikakken sunansa Online Etymology Dictionary, ƙamus ne na asalin kalmomin turanci, wato ba aikinsa ya gaya maka me kalma take nufi yau ba, aikinsa ya gaya maka daga ina ta taso, yaushe aka fara ganinta a rubuce, kuma me take nufi a wancan lokacin. Wani Ba'amurke ne Douglas Harper, ɗan jihar Pennsylvania, ɗan jarida kuma marubucin tarihi, ya fara haɗa shi tun wajen 2001, ya dinga tattaro bayanai daga manyan ƙamusoshin asalin kalmomi yana taƙaitawa. Kyauta ne, ba a cewa sai ka yi rijista ko ka ba da imel, kana shiga ga akwatin bincike a sama ka rubuta kalmarka ka danna. Akwai tallace-tallace a gefe kamar kowane abu na kyauta, akwai kuma manhajarsa ta Android da iPhone ga mai so, ni dai a burauza na yi ta amfani da shi ya ishe ni.

To na rubuta yo. Abin da ya fito gajere ne, bai cika rabin skirin ɗin wayata ba, amma kowane layi akwai kaya a ciki. Ya ce a matsayin gaisuwa an ganta a rubuce a 1859, amma tun farkon ƙarni na 15 akwai ta a matsayin kiran da matuƙan jirgin ruwa da mafarauta suke yi. Ya ce farin jininta na zamani ya fara daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka ce sojoji da ita suke amsawa in ana kiran suna, sannan da alama a birnin Philadelphia ta fi ƙarfi. Iyakarsa kenan. Na karanta shi sau uku ina zaune a kan dakalin ƙofar gida, caji saura kashi 9, sauro yana cina.

Layin farkon nan shi kaɗai ya kashe maganar abokinmu. Farkon ƙarni na 15 yana nufin shekarun 1400 da 'yan kai, Kolumbus bai tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka ba sai 1492, 'yan Afirka na farko da aka sauke a Virginia ta ƙasar Amurka kuwa a 1619 ne, ka ga kenan mutanen Ingila sun yi wajen shekara 200 suna ƙwala yo ɗinsu a bakin ruwa da cikin daji kafin a sauke waɗancan bayin a Virginia. Na yi sikirinshot na tura masa a guruf, har yau bai ce min komai ba sai sitika ɗaya ta mutum ya riƙe baki.

Kuma in ka zauna ka yi tunani abin ba shi da wani mamaki. Mutanen da suke jan igiyar jirgi mai nauyi dole su samu sautin da zai sa su ja a tare, kamar yadda 'yan dako in za su cicciɓi buhu ko ana tura mota ta maƙale a yashi za ka ji an haɗa baki an yi ƙara ɗaya sannan a yunƙura. Daga nan turanci ya samu irin su "yo-heave-ho" da "yo-ho" na matuƙa. Mafarauci kuma yana kiran karnukansa ko ɗan uwansa da ya yi nisa a daji, me zai faɗa in ba abu gajere mai buɗe baki da zai tafi nesa ba? Gwada ka ƙwala yo da ƙarfi ka ji yadda take tafiya, bakinka a buɗe take ƙarewa, ba inda harshe zai tare ta. Na gwada a tsakar gida uwargida ta leƙo ta ce lafiya.

Zancen sojoji kuma shi ya fi ba ni dariya don na tuno firamare, malam yana riƙe da rijista yana kiran suna muna "firezan sa" ɗaya bayan ɗaya. Su kuma can sajan ya kira sunan soja sai ya ce yo, wato dai na'am, ga ni. Ka ga a nan kalmar ta tashi daga kira ta koma amsa kira, kuma har yanzu tana yin duka biyun, kana iya cewa yo don ka tsayar da mutum, shi ma yana iya juyowa ya ce maka yo.

Amma abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan dogon bayanin a kan shafin ba shekarun ba ne kaɗai, yadda yake magana ne. Ka lura a wajen sojoji bai ce haka ne ba, cewa ya yi an ce. A wajen Philadelphia bai rantse ba, cewa ya yi da alama. Inda yake da takarda a hannu ya ba ka shekara, inda ji ya yi ya gaya maka ji ya yi. Mu da muka saba da masu tura saƙo a guruf suna cewa "masana sun tabbatar" ba tare da ka san ko wane masani ba ne, wannan ɗabi'ar ta burge ni sosai. Har a shafinsa na farko ya yi gargaɗi cewa shekarar da ka gani kusa da kalma ita ce mafi tsufan rubutun da ya tsira aka samu, ba ranar da aka haifi kalmar ba, tana iya yin ɗaruruwan shekaru a bakin mutane kafin wani ya rubuta ta, musamman kafin 1700. Ga kalma irin yo kuwa wannan gargaɗin dole ne, don wa zai ɓata tawada da takarda mai tsada a zamanin da yana rubuta ihun da matuƙi ya yi?

Yanzu ka sani, shafin nan tushe yake ba ka ba reshe ba. Labarin yadda yo ta taso daga unguwannin Philadelphia har ta iso wayar ɗan yayata a nan, wannan ba layinsa ba ne, sai da na bi wasu wurare na haɗa da kaina, kuma tunda na sha wahalar bari in zuba muku.

A kudancin Philadelphia akwai zuriyar Italiyawa da yawa da suka yi ƙaura tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma an san su da wannan kalmar. Wasu suna danganta ta da kalmar mutanen birnin Napoli na Italiya "guaglione" mai nufin yaro ko saurayi, wadda in za su kira mutum suke gutsure ta har ƙarshenta ya fito kamar yo, kamar dai ka ce kai yaro. Hasashe ne, mai daɗin ji kam, amma ka tuna turanci yana da yo ɗinsa tun kafin su zo, ƙila dai biyun ne suka haɗu a titi ɗaya suka ƙarfafa juna. Sai 1976 fim ɗin Rocky ya fito, Sylvester Stallone ya fito a ɗan damben Philadelphia ɗan asalin Italiya wanda kusan duk maganar da zai yi da yo yake buɗe ta, har budurwarsa da ita yake kira, daga nan duk Amurka ta ji ta. A gefe guda kuma mawaƙan gambarar zamani na baƙaƙen fata a New York da kewaye sun riƙe ta gam, a 1988 tashar MTV ta buɗe shiri sukutum mai suna Yo! MTV Raps wanda ya yi ta gudana har 1995, kuma shirin nan yana cikin abubuwan da suka fitar da irin wannan waƙar zuwa ƙasashen duniya. To ka ga inda abokinmu ya samo rabin gaskiyarsa, eh baƙaƙen fatar Amurka sun yaɗa ta, mu ma ta bakinsu ta iso mana ta kaset da sidi da dish, amma yaɗawa daban ƙirƙira daban.

Akwai wani labari da na ci karo da shi na yi ta dariya ni kaɗai. A Yulin 2006 wajen taron manyan ƙasashe takwas na G8 a birnin St Petersburg na Rasha, an manta makirfo a kunne, aka ji shugaban Amurka George W. Bush yana yi wa firaministan Birtaniya Tony Blair magana, jaridu suka buga cewa da "Yo, Blair" ya tare shi. Ingila ta ɗauki zafi, aka yi ta cewa kun gani ko, ko girma baya ba shi, kamar yaron gidansa ya ɗauke shi. Daga baya wasu da suka sake sauraron faifan suka ce ba yo ya ce ba "yeah" ya ce, amma ina, magana ta riga ta fita. Abin da na ɗauka a nan shi ne ashe ba ni kaɗai ba ne yo ta ɓata wa rai, su kansu masu harshen sun san kalma ce ta sa'a da sa'a, ba a yi wa babba ita. Na ji sanyi a raina da na ga haka wlh, da har na fara zargin kaina ko ƙauyanci ne yake damuna.

Wani abin kuma a birnin Baltimore na Amurka ne, malaman makaranta suka lura ɗalibai suna amfani da yo a madadin shi ko ita, wato wakilin suna da bai bambance mace da namiji ba, su nuna mutum su ce yo yana kaza. Elaine Stotko da Margaret Troyer suka yi bincike a kai aka buga a mujallar American Speech a 2007. Mu da Hausa take tilasta mana mu zaɓi ya ko ta a kowace jimla wannan sai ya zo mana banbarakwai.

Wanda ya fi ƙona min rai kuwa manhajar Yo ce ta 2014. Wani ɗan Isra'ila Or Arbel ya haɗa ta cikin awa takwas, aka sake ta ran 1 ga Afrilu har mutane suka zaci wasan ranar wawaye ne, kuma ba abin da take yi in ban da ka danna sunan abokinka ta tura masa kalmar yo, shikenan fa, ba hoto ba rubutu. Masu zuba jari suka zuba mata sama da dala miliyan ɗaya. Lokacin kofin duniya na wannan shekarar har akwai akawun da yake turo maka yo duk sanda aka ci ƙwallo. Mu nan filashin muke yi wa juna kyauta tun zamanin Nokia mai tocila, kira ɗaya ka katse yana nufin na iso, biyu yana nufin fito, ba wanda ya ba mu ko sisi.

Mu dawo kan tamu. Yo ta Hausa aikinta daban ne gaba ɗaya, ba a kiran mutum da ita kuma ba a gaisuwa da ita, buɗe martani take yi, kuma kusan kullum akwai ɗan ƙorafi ko kare kai ko gatse a ciki. Yo ina ruwana. Yo ba dole ba. Yo ai kai ka jawo. Yo Allah na tuba wa zai ba shi 'yarsa. Ka ga duk sai an yi wata magana tukuna take zuwa, ba ta iya fara hira. Ta turanci kuwa ita ce take fara hirar, abin da ya fi kusa da ita a wajenmu shi ne kai! ko ke! ko irin "Malam!" da za ka ƙwala wa mai lemo ya tsallako titi. Sauti ɗaya, aiki biyu da ko hanya ba su haɗa ba. Ta Sifaniyanci da ɗayan abokin namu ya kawo kuma ma'anarta ni, daga "ego" na Latin ta taso, ita ma gidansu daban. Japanawa ma suna da yo da suke liƙawa a ƙarshen jimla don ƙarfafa magana. Harafi biyu ne fa, baƙi ɗaya wasali ɗaya, in ka zaga harsunan duniya dole ka yi ta karo da ita. In kama a sauti ita ce hujja to sai mu ce abin wasan yaran nan yo-yo daga yoyon rufin ɗakina aka samo shi, alhali wani ɗan Filifin ne Pedro Flores ya buɗe kamfaninsa a Kalifoniya a 1928 sunan ya bazu.

Da na ga ya yi min aiki a yo sai na ce bari in gwada shi da babbar yayarsu, wato OK, don ita kam ba wadda aka yi wa ƙarya kamarta. Ni kaina na girma da labarin wai sojoji ne in sun dawo daga yaƙi ba a kashe kowa ba sai su rubuta sifili da K na "killed", har na taɓa faɗa wa ɗalibai haka a aji, Allah Ya yafe min. A nan bayanin shafin ya fi tsawo sosai. A 1838 zuwa 1839 an yi wani yayi a Boston da New York na gutsure magana zuwa haruffa, kuma da gangan ake karkata rubutun don raha, K.Y. a madadin "know yuse" wato "no use", K.G. a madadin "know go" wato "no go", to O.K. ita ce "oll korrect" wato komai daidai an rubuta shi a karkace. Duk sauran suka mutu ita kaɗai ta rayu. Da na bi diddigi na ga jaridar Boston Morning Post ce ta buga ta ran 23 ga Maris 1839, kuma wani farfesa na jami'ar Columbia Allen Walker Read shi ya tono wannan a jerin maƙalun da ya fitar a 1963 da 1964. Wato dai abin da yaranmu suke yi yanzu na rubuta slm da ngd da wlh, samarin Boston sun yi shi kusan shekara 190 da suka wuce, sai mu rage yi musu faɗa.

Abin da ya raya ta kuma siyasa ce. A zaɓen 1840 shugaban Amurka Martin Van Buren yana neman zarcewa, laƙabinsa Old Kinderhook saboda garinsu Kinderhook a jihar New York, magoya bayansa suka kafa ƙungiya suka sa mata O.K. Club, haruffan suka cika gari kamar fostar kamfen. Ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, shi kuma Harrison wata ɗaya kacal ya yi a kan mulki ya rasu, kalmar dai ita ta ci zaɓen. Shafin ya kawo zancen wani shugaban Amurka Woodrow Wilson da yake rubuta ta "okeh" don ya ɗauka daga harshen ƙabilar Choctaw ta 'yan asalin Amurka take, ya kuma faɗa ƙarara cewa wannan ra'ayin ba shi da takardar tarihi da ta goya masa baya. Akwai masu cewa daga Wolof na Senegal take, akwai masu cewa Girkanci, kowa dai yana ja wa gidansu kamar abokinmu na majalisa, ashe cutar ba tamu ba ce mu kaɗai.

Ta fannin amfani, rubutu ne zalla kusan, don haka baya cin data kuma ko netwok yana jan ƙafa yana buɗewa. Kalmomin da ke cikin bayani da yawa ana iya danna su su kai ka nasu shafin, kuma a nan haɗarin yake, ka shiga neman kalma ɗaya ka farka ƙarfe ɗaya na dare kana karanta asalin kalmar albashi. Sai dai ka shirya, turancinsa na masu karatu ne kuma yana da gajerce-gajerce da sai ka saba. In ka ga 15c. yana nufin ƙarni na 15, wato daga 1401 zuwa 1500, kar ka ɗauka shekarun 1500 ne kamar yadda na fara ɗauka. In ka ga c. a gaban shekara yana nufin wajen shekarar. PIE kuma ba abin ci ba ne, tsohon harshen da masana suka sake ginawa ne wanda turanci da Farisanci da Hindi da Latin duk suka fito daga cikinsa. Ɗan sakandare zai buƙaci wani a kusa da shi a karon farko. Kuma in sabuwar kalmar TikTok ta makon jiya kake nema ba nan za ka je ba, shi da abin da ya kwana biyu yake aiki. Malaman turanci, ɗaliban jami'a masu nazarin harshe, masu fassara, da irina masu son cin gardama da hujja, ku kam ku ajiye shi a waya. In maki ake bayarwa na ba shi tara cikin goma, ɗayan na riƙe ne kawai don na so a ce bayanin yo ya kai tsawon na OK.

Abin da ya tsaya min a rai bayan na rufe shi kishi ne, ba zan ɓoye ba. Ina ma muna da irinsa na Hausa, ka rubuta kalma a waya a gaya maka daga ina ta zo da shekarar da aka fara ganinta a rubuce, ko a ajami ko a boko. Mun san kobo daga "copper" take, sisi daga "sixpence", fam daga "pound", mun san tulin da muka aro daga Larabci, ƙamusun Bargery na 1934 ma yana nuna wasu kuma an sa shi a intanet, amma irin su yo da kash da tabɗi da wayyo da ash, su wa ya bi sawunsu? Ga sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai cike da masana, kayan aikin akwai, mai zaman haɗawa ake nema, shi ma wancan mutum ɗaya ne ya fara.

Shi kuwa ɗan yayan nawa na tura masa datar, giga ɗaya, na haɗa masa da sikirinshot ɗin da labarin Bush da Blair ko zai gane inda na dosa. Bayan kwana huɗu data ta ƙare sai ga shi ya dawo, "yo kawu". Na rubuta masa, yo ni sa'anka ne? Ya yi ta taifin yana gogewa ina kallo, can sai ga "Assalamu alaikum Kawu ina wuni, ya su Anti".